Fijo 504: Yadda Motar Manya Ta Koma Motar Kasuwa A Agiye, Gazawa Da Gidan Rumji

Yau hirarmu ta tarihi a kan mota take, motar da duk wanda ya haura shekara arba'in a cikinmu ya san ƙamshin kujerarta: Peugeot 504, wadda bakinmu ya mayar Fijo. Yaranmu da suka buɗe ido suka tarar da Hiace da kabu-kabu, in sun gan ta a bayan garaji ba taya, kaji na ƙwai a cikinta, dariya suke yi. Ba su san cewa akwai lokacin da in ta tsaya ƙofar gida, unguwa duka sai ta leƙo ba. To bari mu bi sawunta tun daga inda aka haife ta, mu ga ta ina ta shigo mana, me ta yi mana, da abin da tafiyarta ta bar mu da shi.

Gidan Peugeot ba da mota ya fara ba. A 1810 iyalan suka mayar da injin niƙan hatsinsu, a gabashin Faransa, wurin sarrafa ƙarfe. Sun yi zarto, sun yi abin niƙan kofi, daga baya suka yi kekuna. Zakin nan da muke gani a hancin motar, asalinsa alamar zartonsu ce: haƙora masu kaifi kamar na zaki. Sai wajen 1890 suka shiga ƙera mota. Tun 1929 kuma suka ɗauki al'adar raɗa wa motocinsu lamba uku da sifiri a tsakiya. Shi ya sa iyayenmu suka san 403 da ta fito a 1955, da 404 da ta biyo ta a 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai.

An nuna 504 ga duniya a watan Satumba na 1968. An so fito da ita kafin nan, yajin aikin da ya girgiza Faransa a watan Mayu na wannan shekara ya jinkirta ta. Gidan zanen motoci na Pininfarina, a Italiya, shi ya tsara siffarta: fitilun gaba masu kama da idon mage, da but ɗin baya da ya karye ya gangara. A babbar masana'antar Sochaux ake haɗa ta. A 1969 ƴan jaridar motoci na Turai suka zaɓe ta motar shekara. A lokacin ita ce kan gaba a gidan Peugeot, motar likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikata. Har an yi mata ƙanne biyu na ƙawa, mai ƙofa biyu da mai rufin da ake buɗewa, waɗanda ba kasafai suka iso wajenmu ba. Ta riƙe wannan matsayi har 1975, lokacin da aka fito da 604 mai silinda shida.

Me ya sa motar da aka yi wa titunan Faransa ta zo ta dace da yashin Gobir da na Katsina? Amsar tana ƙarƙashinta. Na farko, tana da tsayi daga ƙasa, kuma sifirinta na da dogon numfashi: ta faɗa rami ta fito ba tare da ta karya bayan fasinja ba. Na biyu, tayoyin baya ke tura ta, saboda haka in an loda mata kaya, nauyin na ƙara mata riƙon ƙasa. Na uku, farfelar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya tana cikin wani bututun ƙarfe ne mai kauri, wanda ke kare ta daga dutse da kututture. Na huɗu kuma shi ne babba: injinta a fili yake. Silinda huɗu, kabireta, fulogi, ba kwamfuta, ba wani sirri. Injin farko cc 1796 ne, a 1970 aka ƙara shi zuwa cc 1971, aka kuma yi mai shan gazuwal. Makanike mai sifana goma da kunne mai kyau na iya jin ciwonta tun kafin ya buɗe bonet.

A farkon shekarun 1970 aka fito da doguwar, mai layin kujeru uku, wadda muke kira famiyal, ƴan uwanmu na Najeriya kuma suna ce mata wagon. A 1979 aka yi mai buɗaɗɗen baya, a-kori-kura, ta gaji 404 bashe da ta riga ta ci kasuwannin ƙauye. Su ma masu tseren motoci sun gwada ta a ƙasar Afirka. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, a shekarar kuma ta ci na Maroko da na Bandama a Kodebuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin Safari da mai ƙofa biyun. Wannan ya ƙara mata suna, amma mu a nan ba mu jira labarin tsere ba. Hanyar Caduwa zuwa Mayahi ta isa shaida.

Ta ƙofa uku motar nan ta shigo ƙasarmu.

Ƙofar farko ita ce ta gwamnati. Shekarun 1970 shekaru ne masu fuska biyu a Nijar. Fari ya kashe dabbobi, ya karya noman gujiya da Maraɗi ta yi arziki da shi. A ɗaya gefen kuma yuraniyom ɗin Arlit ya fara fita a 1971, kuɗi suka shigo baitulmali, musamman bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Ofisoshin gwamnati da ayyukan raya karkara suka samu motoci, kuma Fijo na cikinsu. A lokacin Agiye da Gidan Rumji arondisma ne a ƙarƙashin sufurefe, Gazawa kuwa tana cikin Agiye, sai a 2011 ta zama departama mai cin gashin kanta. Saboda haka ga mutumin ƙauye, ganin Fijo ta tayar da ƙura ta nufo gari na nufin hukuma ta zo: ko haraji, ko allurar rigakafi, ko rabon tsaba, ko ɗaukar yara lakwal.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kudu. A 1972 aka kafa kamfanin Peugeot na Najeriya, a 1975 ya fara haɗa motoci a Kakuri, cikin Kaduna. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a wannan zamani, har ya zama ana ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna a ɗaura. Wani abu kuma ya taimaka mana: a Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama irin namu, don haka motar Kaduna sitiyarinta ya dace da hanyarmu. Sai ga abin da ya faru ranar 13 ga Fabrairu 1976, da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikin baƙar Marsandinsa a Legas. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, ta mayar da 504 motar manyan jami'anta. Kun ga nan ƙimarta ta ƙaru: motar da gwamna ke shiga a Kano da Sakkwato, wane alhaji ne zai raina ta a Maraɗi?

Alhazan Maraɗi kuwa lokacinsu ne. Tun yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, kasuwancin tsallaka iyaka ya buɗe musu: taba, atamfa da sauran kaya su bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, mai da kayan masana'anta su hauro. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, har littafi ya rubuta a kansu a 1986. Babban alhaji na iya ajiye Marsandi don zuwa masallacin Idi da ɗaurin aure, amma tafiyar Kano, da kai iyali ƙauye, da aiken yara, Fijo ce. Abin da ya fi amfanar talaka a wannan ƙofa shi ne kayan gyara. Tunda Kaduna na haɗa ta dubbai, kasuwannin Kano da Katsina suka cika da kayanta. Abin da ya lalace da safe a Gazawa, kafin dare an kawo shi.

Ƙofa ta uku ita ce ta hamada, kuma ita ce matasa ba su cika sani ba. Daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen 1980, samarin Turawa kan sayi tsohuwar Fijo da arha a Faransa, su sa ta a jirgin ruwa daga Marsai zuwa Aljeriya, su tuƙo ta ta In Salah da Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, su sauka Arlit da Agadas. Can ko a Tawa, Kwanni, Damagaram da Maraɗi sai su sayar, kuɗin ya biya musu yawonsu da tikitin komawa. Motar da ta ƙetare Sahara da ƙafarta ba ta buƙatar dillali ya yabe ta. Wannan hanya ta rufe a farkon shekarun 1990, da tawaye ya tashi a arewacin ƙasarmu, rikici kuma ya ɓarke a Aljeriya. Daga nan tsofaffin motoci suka koma zuwa ta tashar Kwatano.

To ta yaya motar sufurefe da alhaji ta koma motar kasuwa? A hankali, kamar yadda babbar riga ke sauka daga uba zuwa ɗa zuwa bara. A 1979 Peugeot ta fito da 505, manya suka fara komawa can. A 1983 Faransa ta daina ƙera 504 ta ƙawa. Gwamnati ta riƙa gwanjon nata tsofaffin. Alhaji in ya sabunta mota sai ya ba direbansa tsohuwar ya shiga tasha, ana kawo masa balas. Ta haka famiyal ta zama sarauniyar babbar hanya ta ɗaya, wadda ta ratsa departamominmu uku kamar zare a carbi: daga Gidan Rumji zuwa Tsibiri da Maraɗi, daga Maraɗi zuwa Caduwa, Agiye, Gazawa, ta wuce Tasawa da Damagaram.

Wanda ya shige ta ba ya mantawa. Masu ita sun yi ta don mutum bakwai ko takwas, mu muka nuna musu ba su san lissafi ba. Biyu a gaba ban da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya sun durƙusa kai na taɓa rufi, yara kuwa ba a ƙirga su. A sama buhunan aya da wake da riɗi, da tabarmi, da akuya ɗaure tana kuka. Ƴan kamasho na ihu saura mutum ɗaya, alhali saura huɗu. In ta ƙi tashi kowa ya sauko a tura. In ta yi zafi a tsaya a ba ta ruwa daga jarka, a jira ta huce. A-kori-kura kuma ita ke sauka daga gudro ta shiga ƙauyukan Gangara, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa, ta ratsa yashin gulbi, ta fito da amfanin gona zuwa kasuwa.

Kar mu ɗauki wannan a matsayin labarin ban dariya kawai. Kafin ta yawaita, tafiyar da ke tsakanin Gazawa da Maraɗi tafiya ce ta shiri, ta jiran babbar mota. Da ita manomi ya iya zuwa kasuwa ya dawo a yini ɗaya, ya san farashi da idonsa maimakon ya ji a bakin ɗan kiri. Ita ta kai mata masu doguwar naƙuda asibiti da tsakar dare a lokacin da ba a san motar ɗaukar marasa lafiya a ƙauye ba. Ita ta ɗauki amare, ta raka alhazai, ta kai ƴan ci-rani bakin iyaka, ta dawo da su gab da damina. Kuma ita ta kawo mana gawarwakin ƴan uwa da suka rasu a nesa, aka binne su a gida.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Motar nan ta kuma ci rayukanmu. Lodin da ya wuce kima, taya da ta siɗe, birki da aka ɗaure da waya, direban da ke gudu don ya samu sawu na biyu, da tafiyar dare da fitila ɗaya: babu ɗaya daga cikin garuruwanmu da ba shi da gidan da aka yi zaman makoki saboda haɗarin hanya. Ƙarfinta ne ya ruɗe mu. Tunda tana ɗauka ba ta ƙorafi, muka ɗauka ba ta da iyaka. Wannan hali bai tafi da ita ba, ya sauya mota ne kawai. Dubi yadda ake loda Hiace yau, ko yadda mutum huɗu ke hawa babur ɗaya ba hular kwano.

Faɗuwarta ta zo ne daga wurare da yawa. Daga Afrilun 1984 zuwa 1986 gwamnatin Najeriya ta rufe iyaka, a daidai lokacin da wani farin ya sake afka mana. A 1986 aka fara karya darajar naira, kamfanin Kaduna da ke sayo yawancin kayansa daga waje ya fara tangal-tangal, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. A Janairun 1994 aka raba darajar sefa gida biyu, duk abin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi. A wannan tsakanin motocin Japan suka shigo da ƙarfinsu. Hiace na ɗaukar ninkin fasinjan famiyal, kuma Toyota ba ta shan mai kamar Fijo. Mai mota ɗan lissafi ne, ba ya soyayya da ƙarfe. Daga baya manyan bas-bas na kamfanoni suka karɓe doguwar tafiya, baburan Sin da Indiya kuma suka karɓe ta ƙauye.

Duk da haka ba ta mutu da wuri ba. Ajantina ta ci gaba da haɗa ta har 1999, Kenya har 2004, Kaduna kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, ta kai ta tsakiyar shekarun 2000. Wato motar da Faransa ta sallama a 1983 ta ƙara fiye da shekara ashirin ana haihuwarta a ƙasar Hausa. An ƙera fiye da miliyan 3. A yau a Turai ta koma abin tarihi, masu sha'awa na neman mai lafiya su saya da tsada su ajiye. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, ƴar 1977, aka saye ta dala miliyan 2.5. Namu kuwa ƴan gwangwan ke yanka su a awo.

Me ya rage mana? Abu na farko shi ne ilimi. Garejin Agiye, Caduwa, Gazawa, Tsibiri da Gidan Rumji, yawancin tsofaffin iyayen gidansu a kan Fijo suka koyi aiki. Makaranta ce ba allo. Yaro ya shiga yana wanke noti, ya fita ya san yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa su juya inji. Sun san gyara, su ɗinke, su ƙera abin da babu. Motocin yanzu kuwa sai an jona musu na'ura ta faɗi ciwonsu, kuma sau da yawa maganin shi ne a cire a sa sabo. In ba mu tura yaranmu sun koyi wutar mota da aikin wannan na'ura ba, nan gaba kaɗan duk ƴar matsala sai an ja mota zuwa Maraɗi ko Kano, kuɗin da ya kamata ya tsaya a garinmu ya tafi. Cibiyoyin koyon sana'a da ke komin-komin namu nan ne wurin da ya kamata a sa wannan darasi, a kuma jawo tsofaffin makanikai su koyar da abin da ke kansu tun suna raye.

Abu na biyu darasi ne a kan dogaro. Fijo ta yi mana daɗi ne saboda ana haɗa ta kusa da mu, kayanta na hannu, mai kuma na arha ne a kwalaben ƴan ruwa-ruwa. Duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya motsa, mu ke fara ji a jika. Mun gani a 1984, mun sake gani da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun kuma gani a 2023 da Najeriya ta cire tallafin mai, takunkumi kuma ya biyo bayan 26 ga Yuli. Kuɗin mota ya hau, na buhu ya bi shi. Wanda zai sayi abin hawa a yau, ko ɗan kasuwa ne ko magajin gari ko ƙungiyar manoma, ya kamata ya yi tambayoyin da iyayenmu suka yi wa Fijo: za ta iya yashinmu? Akwai mai gyara ta a nan? Kayanta daga ina za su zo in an rufe hanya? Motoci nawa muka gani na kyauta, masu ƙyalli, sun kwanta a harabar ofis saboda ƙaramin abu guda da ba a samu ba?

Abu na uku shi ne tarihin kansa. Muna adana takobi da tambari da sirdin doki, kuma daidai ne. Amma motar da ta ɗauki wannan yanki a bayanta shekara talatin ita ma kayan tarihi ce. Ba zai gagari ƙungiyar direbobi da hukumar gari ba su nemi famiyal ɗaya da a-kori-kura ɗaya, su gyara su, su ajiye a inuwa, a fito da su ranar biki yara su gani. Tsofaffin direbobi da ƴan kamasho da suka san kowane kwana da kowane rami tsakanin Gidan Rumji da Gazawa suna nan a cikinmu, suna zaune a bakin tasha, kuma kullum raguwa suke. Wanda ke da irin wannan dattijo a gida, ya zauna da shi da waya a hannu ya naɗi labarinsa. Wanda ke da tsohon hoto na uba ko kaka a jingine da Fijo, ya adana shi da kyau, ya rubuta shekara da sunan gari a bayansa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan wannan hanya, direbobi da fasinjoji. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Sai mun haɗu a hira ta gaba.